Ƙurajen Al'aura Masu Tafiya Su Dawo

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo da kunya ke hana mutane ambatarsa, har a gaban likita. Hausawa suka ce a bar kaza cikin gashinta, amma a maganar lafiya shiru yakan jawo hasara. Ciwon da muke nufi shi ne ƙurajen al'aura waɗanda likitoci ke kira hapis. A takardar asibiti za ku ga an rubuta HSV.

Wata ƙwayar cuta ce, irin wadda ake kira bairos, ke kawo shi, kuma iri biyu ce. Ta farko ita ce mai fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, yawancinmu kuwa tun muna yara muka ɗauke ta. Ta biyu ita ta fi kama al'aura, ana ɗaukarta ta wurin kwana da mai ita. Amma ta farkon ma tana iya sauka ƙasa idan baki ya taɓa al'aura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane wajen miliyan 846, 'yan shekara 15 zuwa 49, suna ɗauke da ƙwayar a al'aura. Wato fiye da mutum ɗaya cikin biyar ke nan. Iri na biyu ya fi yawa a Afirka, ya kuma fi kama mata. Saboda haka kada mu ce ciwon waɗansu ne can nesa. A kowace babbar taruwa akwai masu shi, yawancinsu kuwa ba su sani ba.

To, yaya ake gane shi? Idan zai nuna kansa tun da fari, yakan fito tsakanin kwana 2 zuwa 12 bayan an ɗauka. Wurin yakan fara da ƙaiƙayi ko zafi. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a tattare, a gaban namiji ko na mace, ko kusa da dubura, ko a cinya da ɗuwawu. Bayan 'yan kwanaki su fashe, su zama miki mai raɗaɗi, sa'an nan su bushe su warke. Karo na farko shi ya fi tsanani. Mutum yakan yi zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki, kaluluwa ta fito, fitsari ya yi zafi ƙwarai, musamman ga mata. Wannan yakan kai mako 2 zuwa 4 kafin ya wuce.

Amma warkewar mikin ba ta nufin ƙwayar ta fita. Takan bi jijiya ta koma ta kwanta kusa da gindin ƙashin baya, inda magani ba ya iya fitar da ita. Can take zaune muddin rai. Lokaci lokaci sai ta farka ta biyo jijiyar ta dawo fata. Rashin lafiya, da gajiya, da damuwa, da jinin wata, duka suna iya tashe ta. Mutane da yawa sukan ji alama kafin ƙurajen su fito, kamar tsira ko zugi a wurin, wani lokaci har zuwa cinya. Abin ƙarfafawa shi ne, dawowar ba ta kai karo na farko zafi ba, takan warke da sauri, kuma yayin da shekaru ke wucewa takan ragu.

A nan muke so ma'aurata su kasa kunne da kyau. Mutum yana iya ɗaukar wannan ƙwaya ya zauna da ita shekaru masu yawa ba tare da ya ga ƙurji ko ɗaya ba. Yana kuma iya ba wani ita a ranar da fatarsa take sumul, gama ƙwayar takan fito kan fata a ɓoye. Don haka idan ƙuraje suka ɓullo wa miji ko mata bayan shekara 10 da aure, wannan kaɗai bai isa shaidar cin amana ba. Mai yiwuwa ɗayansu ya shigo da ita tun kafin aure bai sani ba, ko daga auren fari. Gwajin asibiti ma ba ya faɗin ranar da aka ɗauka, ko daga wurin wa. Kada mu yi saurin yanke hukunci, mu rushe gida a kan zato. Dattawa da shugabannin mata waɗanda ake kawo wa irin wannan ƙara, muna roƙonku ku fara aika su biyun wurin likita kafin a zauna shari'a.

Akwai kuma wani kuskure da ya bazu a cikinmu, cewa a masai ake ɗaukar irin wannan ciwo. Ƙwayar hapis ba ta daɗewa da rai a wajen jiki. Ba a ɗaukarta a masai, ko a kan kujera, ko ta gaisawa da hannu, ko cin abinci a kwano ɗaya. Babu dalilin ƙyamar mai ita a gida ko a cikin taro.

Yanzu sai maganar magani. Abu na fari, a je asibiti tun ƙurajen suna ɗanye, domin a lokacin ne likita zai iya shafo ruwansu a gwada. Wannan yana da muhimmanci, gama tunjere ma yakan fito da miki a al'aura, maganinsa kuwa dabam ne. Kafso da allurar da ake saya a kemis don ciwon sanyi ba sa taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan. Mai shansu yana ɓarnar kuɗinsa ne kawai.

Maganin da ke aiki shi ne wanda ake rubuta sunansa Acyclovir a kan kwali, da 'yan'uwansa biyu, Valacyclovir da Famciclovir. A Amurka aka binciko Acyclovir, a ɗakin binciken wata masaniya mai suna Gertrude Elion, wadda ta sami lambar Nobel a 1988. Aikinsa shi ne hana ƙwayar hayayyafa. A karo na farko akan sha shi kwana 7 zuwa 10. Idan ciwon ya dawo akan sha na 'yan kwanaki kaɗan, ya fi amfani kuwa idan an fara a ranar da aka ji alama. Wanda ciwon ke yawan dawo masa, likita yana iya sa shi sha kowace rana, wannan yakan rage dawowar ƙwarai. Wani bincike da aka buga a 2004 ya nuna cewa shan Valacyclovir kullum yana rage haɗarin ba wa abokin zama ƙwayar da kusan rabi. Har wa yau babu maganin da ke kashe ta gaba ɗaya, babu kuma allurar rigakafinta. Duk mai tallan da ya ce zai wanke muku ita daga jini, aljihunku yake nema.

A gida kuma akwai abin da za mu iya yi. A zauna cikin ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a shanya wurin ya bushe, a sa tufafin auduga marasa matsewa, a sha farasitamol don zafi. Idan fitsari yana ƙuna, a riƙa zuba ruwa a wurin lokacin yinsa. Kada a shafa toka ko kanwa ko man shafawa mai ƙarfi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa mikin, domin ƙwayar tana iya lalata ido. Ma'aurata su dakata da kwana tare daga ranar da aka ji alama har mikin ya warke sarai. Kwaroron roba yana rage haɗari, ko da yake ba ya rufe ko'ina. Ya kamata kuma a yi gwajin ƙanjamau, gama mai iri na biyu ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da ita wajen sau uku.

Abu na ƙarshe ya shafi mata masu ciki, shi ne kuwa mafi nauyi. Idan jariri ya ɗauki ƙwayar lokacin haihuwa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa, har ta kashe shi. Ba kasafai haka ke faruwa ba, amma haɗarin ya fi girma idan uwa ta kamu a karo na farko cikin watannin ƙarshe. 'Yar'uwa, idan ke ko maigidanki kun taɓa ganin waɗannan ƙuraje, ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti tun ranar awon fari. Likita yakan ba da Acyclovir daga mako na 36, idan kuwa akwai miki a ranar naƙuda sai a fitar da jariri ta tiyata. Mata masu wannan ciwo da yawa suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Mu kuma masu zuwa barka, duk mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci jariri.

'Yan'uwa, wanda yake da wannan ciwo yana iya yin aure, ya haihu, ya yi tsawon rai. Abin da ake bukata a gare shi shi ne ya faɗa wa abokin zamansa gaskiya, mai shirin aure kuma ya faɗa tun kafin ranar. Abin da ake bukata a gare mu kuwa shi ne mu riƙe asirin wanda ya amince da mu, mu raka shi asibiti. Ubangiji ya ba mu lafiya. Sai mun sake saduwa.