Hattara da Ɗan Kwamitin Asibitin da Ya Daina Karatu

Akwai wata cuta da ke yaɗuwa a harkar lafiyarmu wadda ba a kwantar da mai ita, ba a kuma yi masa allura. Ita ce a naɗa mutum cikin kwamitin kula da asibiti, a yi masa barka, ya ɗauki kujerar kamar rawani, daga ranar kuma ya rufe littafi. Ina jan kunnen mutanenmu na Rano da Kibiya a kan wannan, tun daga masu zama a kan al'amuran Babban Asibitin Rano har zuwa kwamitocin mazaɓu da ke lura da asibitocin sha-ka-tafi a Rurum da Saji da Zurgu da Tarai da Durba da Fammar.

A da, jahilcin ɗan kwamiti bai cika yin ɓarna mai yawa ba, domin babu abin da ke bi ta hannunsa. Yanzu zance ya sauya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, inda ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani kaso na kuɗin yana sauka kai tsaye cikin asusun bankin ƙananan asibitocin da aka zaɓa. A tsarin, shugaban kwamitin cigaban mazaɓa yana sa hannu tare da incajin asibiti kafin a cire kuɗi. Ga kuma asusun juya kuɗin magani, wanda asalinsa ke komawa ga shirin Bamako na 1987, ga hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano da ke biyan asibitoci kuɗin waɗanda suka yi rajista. Kowanne da ƙa'idarsa da takardunsa, kuma ana yi musu kwaskwarima lokaci zuwa lokaci. Mutumin da rabonsa da bita tun ranar ƙaddamarwa, me zai duba idan aka miƙo masa takarda? Zai ce bismillah ya rattaba hannu, shi ke nan. Yawancin irin waɗannan dattawa ba ɓarayi ba ne, mutanen kirki ne masu tsoron Allah. Amma sa hannun mai gaskiyar da bai fahimci lissafi ba ya fi amfanar maciyin amana, domin da mutuncin dattijon ake rufe ɓarnar.

Kuɗi ma da sauƙi. Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗakin haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu juna biyu a duniya, mu kuma a arewa mun san zafinsa gida-gida. A 2023 aka wallafa sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka gudanar a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin da aka gano bai buƙatar wata na'ura mai tsada: wata shimfiɗar leda ce mai ma'auni da ake sa wa mace bayan ta haihu don a ga yawan jinin da ya zuba da ido, maimakon kintace, sannan a haɗa matakan tsayar da jinin a yi su lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan kaɗai ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kusan kashi 60 cikin 100. Ilimi ne da 'yar Kano ta taimaka aka haifar, a nan ƙofar gidanmu. To 'yan kwamiti nawa ne suka taɓa jin labarinsa, balle su tambayi incaji ko akwai ledar a sito?

Haka allurar oksitosin da ake yi don tsayar da jinin. Tana son sanyi, zafi yana kashe mata ƙarfi. A bazarar Rano, idan firij ya tsaya saboda batirin sola ya mutu, kwalbar tana nan a kan kanta da lambarta da kwanan watanta, amma aikinta ya ragu. Ɗan kwamitin da ya san haka, da ya shiga asibiti firij zai fara buɗewa, ya nemi takardar da ake rubuta awon sanyi safe da yamma. Wanda bai sani ba zai yaba sabon fenti ya koma gida.

Kada a ce ai wannan aikin likita ne. Likita da nas da ungozoma su ke yin aikin, gaskiya ne, amma kwamiti shi ke tambaya, kuma ba a tambaya kan abin da ba a sani ba. Ingila ma, da duk arzikinta, ta ɗanɗana wannan. A asibitin Stafford, tsakanin 2005 da 2009, marasa lafiya sun sha wulaƙanci da sakaci mai muni, alhali hukumar gudanarwar ta duƙufa kan daidaita kasafi. Rahoton Robert Francis na 2013 ya ɗora wa hukumar babban laifi na rashin sauraron majinyata da ma'aikata. Masu digiri ne suka zauna a kujerun, amma ba su kalli inda ya kamata ba.

Mu ma mun ga yadda cuta ke shammatar mutane. Mashaƙo, wanda da yawa suka ɗauka ya zama tarihi, ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, jihar kuma ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba a kammala musu rigakafi ba. Rajistar rigakafi tana kowane ƙaramin asibiti. Duk wanda ya iya karanta ta zai ga yaran da suka karɓi allurar farko ba su dawo ta uku ba, tun kafin a fara jana'iza.

Don haka ina kira ga Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano da hukumar lafiya a matakin farko da shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya: kada a ƙara ƙaddamar da kwamiti a sake shi haka nan. A riƙa shirya masa bita a kai a kai, da Hausa, a cikin asibitin da yake kula da shi, da littafin kuɗin asibitin da rajistarsa a kan tebur. Bitar otal a birni wadda ake zuwa don alawus da jaka ba ta cikin lissafi. Hakimai da dagatai da limamai, ku da ake tuntuɓa wajen zaɓen sunaye, ku daina ba da kujerar don faranta rai ko sakayyar siyasa, ku kuma sa mata a ciki, domin su suka san abin da ke faruwa a ɗakin haihuwa da tsakar dare.

Kai kuma Alhaji, ko Hajiya, da ke kan kujerar yanzu, a zama mai zuwa ka nemi a kawo maka bayanin banki na wata uku, da adadin matan da suka haihu da waɗanda aka tura Rano ko Kano da abin da ya same su. Idan ba ka gane ba, ka ce a sake yi maka bayani har ka gane kafin ka ɗauki biro. Idan kuwa shekaru ko hidima ba za su bar ka ka zauna koyo ba, ka rubuta takardar ajiye muƙamin a ba wani.