Koriyar Ɗamarar Birnin Yamai

Kowace shekara, ran 3 ga watan Agusta, jama'ar Nijar na haɗa salla biyu cikin yini guda: ta samun mulkin kai da ta dashen itatuwa. Tun shekara ta 1975 ake yin haka. Shugabanni su kan fito da manyan riguna, a haƙa rami, a sa ɗan itace, a zuba masa ruwa, rediyo ta faɗi yawan abin da aka dasa. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne yawan waɗanda suka ga damina ta biyu. Wanda ke so ya san yadda itacen hukuma ke rayuwa bayan an watse daga wurin biki, sai ya dubi gandun da aka kewaye birnin Yamai da shi, wanda ake kira da faransanci ceinture verte, watau koriyar ɗamara.

An fara wannan aiki cikin shekara ta 1965, zamanin shugaba Jori Hamani. Nufin shi ne a ɗaura wa birnin ɗamarar itatuwa mai tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita 1, wajen hekta 2,500 ke nan, a gefen hagu na kogin Isa, ta taso daga arewa ta zagayo gabas. Ba a zaɓi wannan gefe a banza ba. Daga nan iskar hunturu ke busowa da ƙura, daga nan kuma guguwar farkon damina ke tasowa, ta yaye rufin ɗakuna, ta cika tukwane da rairayi. Itatuwa idan sun yi sahu su kan karya ƙarfin iska, saiwoyinsu su riƙe ƙasa, inuwarsu ta rage zafin bazara a garin da ma'aunin zafi ke wuce 40 cikin watan Afirilu.

Mafi yawan abin da aka dasa dogon yaro ne, wanda wasu ke kira bedi. Baƙo ne, asalinsa daga ƙasar Indiya, amma ya karɓi Sahel kamar mahaifarsa: yana jure ƙishirwa, yana girma da sauri, kuma ba ya zubar da ganye a bar mutum cikin rana. Aikin ya ɗauki kusan shekara 30, ana yi ana tsayawa gwargwadon kuɗin da aka samu daga gwamnati da ƙasashen waje, har zuwa 1993. Farin da ya kai ga yunwar 1973 da 1974 ya sa kowa ya gane hamada ba labarin mutanen Agadas kaɗai ba ne. Gwamnatin Seyni Kunce ta sa ƙarfinta cikin dashe, samariya da ƴan makaranta suka shiga, sa'an nan taron Maraɗi na 1984 ya ɗora wa kowane gari nauyin yaƙi da hamada.

To amma an bar wata magana a baya, kuma ita ce ta dawo. Ƙasar da aka dasa itatuwan ba daji ba ce marar mai shi. Gonaki ne na mutanen ƙauyukan da birnin ya tarar, waɗanda suka gāda daga kakanni. An bar su su ci gaba da shuka hatsi da wake tsakanin itatuwa, amma ba a yanke maganar mallaka da diyya yadda za ta ƙare ba. Itacen na hukuma, ƙasar ta mai gona. Muddin fili ba shi da tsada, wannan zama ya yi daɗi. Da fili ya zama zinariya, sai mai gona ya fara kallon dogon yaro a matsayin abin da ya tsaya tsakaninsa da dukiyarsa.

Fili kuwa ya zama zinariya. Yamai ba ta fi mutum 30,000 ba sa'ad da aka samu mulkin kai a 1960. Ƙidayar 1988 ta same ta da kusan 400,000, ta 2012 kuwa ta nuna ta haura miliyan 1. Ɗamarar da aka ɗaura a bayan gari, garin ya kai gare ta, ya tsallake ta, ya kafa unguwanni a bayanta. Daga nan aka shiga cin ta kaɗan kaɗan. Wanda fari ya koro daga ƙauye ya kafa bukka cikin inuwa. Mai neman itacen girki ya zo da gatari da dare. Magada suka sayar da fegi, mai saye ya kewaye da bulo, itacen da ke ciki ya mutu ba a san abin da ya kashe shi ba. Ma'aikatan gandun daji sun sha kamawa, an kuma sha tayar da masu bukkoki, amma korar talaka ta fi rushe katangar mai hali sauƙi. Yau babban yanki na gandun ya zama gidaje da shaguna.

Gaskiya kuma ita ce hukumar birni kanta tana tsaka mai wuya. Ita ce aka ɗora wa tsabtar gari da kyansa, ita ce kuma ta daɗe tana samun kuɗin aikinta daga yanka filaye da sayarwa, domin haraji ba ya shiga yadda ya kamata. Akwai ma lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Wanda abincinsa ke fitowa daga yankan fili, da wuya ya zama mai gadin fili.

Ta wajen itacen girki an yi ƙoƙari na sosai. Cikin shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda ke rage cin itace, a 1992 kuma aka yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara, don ƙauyuka su riƙa kula da dazuzzukansu suna cin moriyarsu. Tukunyar gaz ta shiga gidaje da dama, ko da yake har yanzu itace da gawayi ne ke dafa tuwon yawancin mutanen birni.

Shara ita ce ta fi wahalarwa. A unguwanni da yawa samari da ƙungiyoyin mata na fitowa aikin gayya, su share tituna, su kwashe magudanun ruwa kafin damina, kuma masu amalanke na bi gida gida suna ɗaukar shara a biya su. Aiki ne mai kyau, sai dai tambaya ita ce ina amalanken ke sauke kayansa. Sau da yawa cikin gandun ne, domin shi ne fili mafi kusa wanda ba mai tsawatawa. Leda ta rataya a rassa, ta toshe ƙasa ruwa ya kāsa shiga, dabbobi su ci su kumbura. An yi doka a 2014 wadda ta hana kawo irin wannan leda da sayar da ita, amma mai zuwa kasuwa ya san inda dokar ta tsaya. Shirin Niamey Nyala, da aka fara a 2011 don ƙawata babban birni, ya kawo manyan tituna da gadoji na sama da fitilu. Gandun bai samu rabo irin nasu ba.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru itatuwa suka dawo gonakin jihohin Maraɗi da Damagaram ba tare da biki ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara, suna sassabe su su tashi. An ƙiyasta wannan aiki ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ba su fi mutanen Yamai son inuwa ba. Bambancin shi ne manomi ya tabbata itacen da ke gonarsa nasa ne, ƴaƴan gawo na awakinsa ne, reshen da ya sare na murhun matarsa ne.

A Yamai ba a kai ga wannan ba tukuna. Abin da ya saura na ɗamarar yana buƙatar iyaka da kowa zai gani da ido, da sulhu da magadan gonaki, da wurin zuba shara wanda mai amalanke zai iya kaiwa kafin jakinsa ya gaji. Waɗannan ayyuka uku suna hannun hukumar birni da ma'aikatar muhalli da masu unguwanni, kuma babu ɗaya cikinsu da ake gamawa ran 3 ga Agusta.