Yaro da Ganga: Yadda Ake Rainon Makaɗin Ikkilisiya

'Yan'uwa, duk wanda ya bi ta Kura, Kadawa ko Bunkure lokacin da shinkafa ta fara nuna ya san wata ƙara: yara ne a bakin gona suna dukan gwangwani don korar tsuntsaye. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai zuwa gonakinmu, noma ya zama na rani da damina. Da yawa daga cikinmu wannan gwangwani ne gangarmu ta fari. Idan ka kasa kunne, za ka ji wani yaron ya wuce korar tsuntsu. Ya riga ya kama wani kiɗa da ya ji ranar Lahadi. Tambayar ita ce, me ikkilisiya za ta yi da wannan yaro?

Kiɗa ta kunne yake shiga kafin ya sauko hannu. Haka makaɗan ƙasar Hausa suka koya. Musa Ɗanƙwairo ya tashi ne yana bin mahaifinsa, makaɗin noma, tun kafin a san shi da kotso a fadar sarakuna. Yaro yakan fara da tafi da amshi. Daga nan a ba shi ƙaramin abin kiɗa irin su kuntuku, wanda aikinsa riƙe bugu ɗaya ne ba tare da ya kauce ba. Sai ya daɗe a nan kafin a miƙa masa kalangu.

Akwai dalilin wannan jinkiri. Kalangu yana da fata biyu da tsarkiya da ta haɗa su. Idan makaɗi ya matse shi a hammata murya ta hau, idan ya saki ta sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi ya sa kalangu yake iya faɗin taken mutum har a gane. Yaron da bai cika kunnensa da wannan ba, ko ya iya bugu, gangarsa ba za ta yi magana ba.

A da, yaro yana jin kiɗa a ko'ina: gangar noma a wurin gayya, kalangun mahauta ranar kasuwa, ƙwaryar mata a gidan biki. Yau aikin gona ya koma na kuɗi da inji, biki kuma lasifika ake haya. Majami'a na cikin wurare kaɗan da suka rage inda yaro zai ga hannun mutum a kan fata kowane mako, ya ga iyayenmu na zumuntar mata suna buga tulu. Amma mu ma mun fara danna maɓallin kibod ya yi mana kiɗa. Ranar da janareto ya mutu a tsakiyar waƙa, tulun nan da gangar nan su ne ke riƙe jama'a. Idan tsofaffin da suka iya suka wuce ba su bar kowa ba, wa zai riƙe?

Mun san abin da ke damun wasu iyaye. Waɗanda suka fito daga gidajen da ake bori suna tuna garaya da goge da ƙwarya a wurin kiran iskoki. Wasu kuma suna gudun kada ɗansu ya zama maroƙi. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kada mu raina shi. Sai dai fata da itace ba su da ubangiji na kansu; wanda ake yi wa kiɗan shi ne abin dubawa. A Fitowa sura 15, Maryamu ta ɗauki abin kiɗa ta ja mata yabo bayan ƙetare teku. A 1 Tarihi sura 25, Dawuda ya keɓe 'ya'yan Asaf, da Heman, da Yedutun domin kiɗan Haikali. Su 288 ne horarru, suna ƙarƙashin iyayensu, kuma malami da almajiri tare aka jefa musu ƙuri'ar aiki. Ke nan mai koyo yana da gurbi a cikin sujada.

To, me za mu yi? Mu daina korar yara daga wurin ganga bayan an tashi sujada. A maimakon haka, wani babba ya zauna da su ko na minti 15 ne. A makarantar Lahadi a fara da tafi, a ba kowane yaro, mace da namiji, damar riƙe bugu ɗaya. Wanda ya tsaya daram a sa shi kusa da babban makaɗi yana raka shi a waƙa guda. A koya masa sassauta hannu domin kalmomin waƙa su fito, gama ganga baiwar waƙa ce. A kuma lura kada kiɗa ya ci lokacin makaranta da taimakon gida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke dukan gwangwani a bakin magudana yau, mai yiwuwa shi ne zai ja ikkilisiyarmu cikin yabo nan da shekara goma. Ubangiji ya ba mu haƙurin koya masa.