Idan Ƙafar Mota ta Cije

Wanda ya ratsa layukan Daurawa a Kano da safiyar Asabar, ko ya kutsa lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da ke bayan titin Zariya, da wuya ya rasa ganin mota a ɗage a ƙofar gida, taya ɗaya jingine da bango, maigida a durƙushe da sifana a hannu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi a bayansa, kuɗin kayan gyara da na aikin hannu suka haura, masu mota da dama sun koma yin ƙananan gyare-gyare da kansu. Juyen baƙin mai ba ya ba kowa wahala. Inda ake gumi shi ne kayan ƙafa: boljoyin, tayarod, bushin da shokozoba. Aikin da aka ɗebar wa awa ɗaya sai a kai la'asar noti ɗaya bai motsa ba.

A nan ne ake aika yaro ya aro babbar guduma wajen maƙwabci, kuma daga nan ɓarna take farawa. Ƙarfen da ya cije ba taurin kai yake yi ba, akwai abin da ya riƙe shi. Riƙon iri uku ne, kowanne da mabuɗinsa, kuma wanda bai tantance wanne ke gabansa ba zai fasa abu uku garin cire ɗaya.

Tsatsar da ta ƙetaro teku

Riƙo na farko tsatsa ce. Mutum zai ce ina Kano ina tsatsa, garin da ake shafe watanni babu ɗigon ruwa? Amsar tana cikin tarihin motar. Yawancin motocin da ke bin titin Maiduguri 'yan Kwatano ne, sun yi shekaru a Amurka, Kanada ko Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Legas. A jihohi irin su Mishigan da Ohayo da Niyok, gishiri ake watsawa a titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan ya fantsama ƙarƙashin mota, ya shige tsakanin noti da bol, ya zauna. Motar za ta iso fenti yana ƙyalli, amma da ciwonta a ƙafa. Mu kuma mu ƙara mata da namu: ruwan Agusta da ke kwanciya a titi har ya shanye rabin taya, da feshin injin wanki da ke kore giris.

Tsatsa ba datti ba ce da ya manne daga waje. Ƙarfen ne da kansa ya gamu da iska da danshi ya rikiɗe, kuma idan ya rikiɗe kumbura yake yi, ya ci wurin da ya ninka na da aƙalla sau biyu. Tsakanin zaren bol da na noti akwai ɗan sararin da ido ba ya gani. Shi tsatsa ke cikawa ta matse, kamar an ɗura siminti.

Maganinta lokaci ne. A kankare zaren da buroshin waya, a fesa man kunce noti irin su WD-40 tun daren Juma'a, a sake fesawa da asuba. Man yana bin ɗan sararin da ya rage ne kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, hawan kuwa ba ya sauri. Makanikai da yawa man birki suke ɗigawa. Yakan ɗan taimaka, sai dai yana cin fenti duk inda ya taɓa. Ƙwanƙwasa gefen noti da ƙaramar guduma yana farfasa tsatsar ya buɗe wa man hanya.

Sai zaɓen makami. Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa, ita ce ke sule kan noti har ya rasa inda za a riƙe shi. Soket mai kusurwa shida duk gefen yake rungumewa. Idan aka zura fayif a mariƙi mai tsawon santimita 30 ya zama mita ɗaya, ƙarfin murɗawa ya ninka fiye da sau uku, kuma wannan ƙarfin ne ke tsinke bol ya bar guntunsa a rami. Don haka da zarar noti ya ɗan motsa, a mayar da shi baya kaɗan, a ƙara mai, a sake ja. Gaba da baya, har ya saki.

Idan duk wannan ya gaza, sai wuta. Ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi: noti mai faɗin milimita 20 da zafinsa ya ƙaru da digiri 300 zai buɗe da kusan kaurin silin gashi ɗaya, kuma wannan ya isa ya karya riƙon tsatsa. Notin ake gasawa, ba bol ɗin ba. Amma wuta a ƙarƙashin mota ba abin wasa ba ce. Ga tiyon birki, ga wayoyi, ga layin fetur. Boljoyin a rufe yake da giris da roba a cikinsa, shokozoba kuma da mai, galibi har da iskar gas a matse. Ko wanne aka gasa yana iya fashewa a fuskar mutum. Alminiyon yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi kowa ba. Bol ɗin ƙafa kuwa, masu lamba 8.8 ko 10.9 a ka, da wuta aka ba su ƙwarinsu a masana'anta. Duk wanda aka gasa har ya yi ja, ƙwarin ya tafi, bai kamata ya koma jikin mota ba. Wanda ba shi da hannu a wannan aiki gara ya kira mai walda.

Sauran riƙon biyu

Riƙo na biyu shi ya fi rikita masu koyo. An cire notin boljoyin ko na tayarod lafiya lau, babu ko ɗigon tsatsa, amma sandar ta ƙi fita daga raminta. Haka aka ƙera ta. Sandar tana da kauri a gindi, tana sirancewa zuwa sama, ramin ma haka, to da aka ɗaure noti sai ta shige ta cije kamar ƙotar fartanya. Mai ba ya kunce wannan, ja ma ba ya kuncewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dukan kan sandar. Kan zai baje, zaren ya mutu, har notin ma ba zai sake hawa ba. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su sassauta notin su bar shi a kai, sannan su daki gefen ƙarfen da ramin yake ciki, duka mai kaifi, wani lokaci da wata gudumar a tokare a ɗaya gefen. Dukan yana girgiza ramin na ƙiftawar ido, sai a ji ƙas, sandar ta saki, notin da aka bari ya tare ta. Idan ƙarfen na alminiyon ne, ba a dukansa. Akwai ƙaramin abin matsewa da aka yi don wannan aikin, yana tura sandar a hankali.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana kan titi. A yawancin motocin da ke da hannu biyu a ƙafar gaba, na sama da na ƙasa, irin Honda Accord ta kafin 2013, nauyin mota ta boljoyin ɗin ƙasa yake bi. Shi ya sa idan ya tsinke taya ke kwantawa, mota ta durƙusa a tsakiyar hanya. Boljoyin da ya sha duka, ko robarsa ta yage ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da giris, ba abin mayarwa ba ne.

Shi tayarod yana da ƙarin sharaɗi: tsawonsa ne ke saita inda taya ke kallo. Kafin a warware shi a yi alama a kan zaren, a ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon da adadin. Wannan zai kai mota wajen masu saitin taya ne kawai, ba ya maye gurbin saitin. Wanda ya tsallake shi, sitiyari zai karkace, sabuwar taya ta cinye ta gefe ɗaya.

Riƙo na uku yana cikin bushin. Bol ɗin yana ratsa wani bututun ƙarfe da ke tsakiyar roba, tsatsa ta haɗe su su zama abu ɗaya. Alamarsa, ana murɗawa yana juyawa kaɗan yana dawowa, domin robar ce ke shanye ƙarfin, dukan guduma ma ita ke shanyewa. A nan haƙuri ya ƙare: yanke bol ɗin ake yi ta gefe biyu. Mai dabara yakan sayo sabon bol kafin ya yanke tsohon, don kada mota ta kwana a kan jak. Wajen mayarwa a shafa wa jikin bol ɗin giris inda yake ratsa bututun, kuma kada a ƙarasa ɗaure shi sai nauyin mota ya sauka a kan taya, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Inda ake tsayawa

Abu biyu ne ba a gwaji da su. Na farko sifirin da ke naɗe da shokozoba: a matse yake da ƙarfin da ke ɗaukar mota, wanda ya kunce notin sama ba tare da abin matse shi ba, harbo shi zai yi. Na biyu jak. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, balle a kan rairayin ƙofar gida ana jijjiga mota da fayif. Bulon siminti kuma ba ya lanƙwasa ya ba da sanarwa, rugujewa yake yi lokaci ɗaya. A sa ƙarfen tokare mota a kan ƙasa mai tauri, a tare tayoyin baya, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin mota.

Duk wanda ya tsinke bol a unguwannin nan na Tarauni ya san hanyar da ke gabansa: ya ratsa gari zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa da guntun ƙarfe a aljihu, yana neman irinsa. A wannan yanki dai Asibitin Ƙashi na Dala yake. Masu garin gyaran gira su rasa ido, can ake kai su. Ƙafar mota ko ta karye akwai ta gwanjo a kasuwa, ta mutum kuwa har yau ba a sauke ko ɗaya a Kwatano ba.