Gado da Ingancin Man Gyaɗa a Kudancin Kano

Abin da muke son jawo hankalin mahalarta wannan taro gare shi shi ne, ingancin man gyaɗa tun a ƙarƙashin ƙasa ake yanke shi, lokacin da ƙwaya take cika, kafin matan Bebeji ko Ƙiru su soya ta su matse.

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na man nan kuwa asid iri biyu ne, wato oleyik da linoleyik. Ƙwaya takan fara haɗa oleyik, sa'an nan wani sinadari ya juya wani sashe nasa ya zama linoleyik. Shi linoleyik ba ya jure iska, shi ne ke sa mai da ƙuliƙuli su sake wari in sun daɗe a ajiye. Ƙwayoyin gado biyu, FAD2A da FAD2B, su ke ba da umurnin yin sinadarin nan. Biyu ne domin gyaɗa ta samo asali ne daga auren tsirrai biyu na dajin Kudancin Amurka.

A 1987 masana a Jami'ar Fulorida suka ba da labarin wani iri, F435, wanda duka biyun sun raunana a cikinsa, har oleyik ɗinsa ya kai wajen kashi 80.

Amma gado ba shi kaɗai ke aiki ba. Sanyi yakan ƙara linoleyik, gyaɗar da aka cire ba ta nuna ba kuma manta kaɗan ne. Saboda haka a ganinmu ya kamata a gwada irin SAMNUT na Samaru a tsaunukan Doguwa da filayen Tudun Wada, a auna man kowanne dabam, kada a tsaya ga ƙirga buhuna kawai.