Rauta Ma Tana Buƙatar Zaure

Bahaushe ba ya gina gida ya bar shi babu zaure. A Yelwa ko Wara ko Shanga, baƙo a zaure yake tsayawa ya yi sallama, sai an amsa masa kafin a san ko zai wuce ciki. Amma yau gidaje da shaguna a gaɓar tafkin Kainji suna buɗe wata sabuwar ƙofa ba tare da zaure ba, wato rauta, na'urar nan mai rarraba intanet da ake sa wa layin MTN ko Airtel ko Glo, ko wadda ke zuwa tare da farantin Starlink tun da kamfanin ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Ta wannan ƙofa saƙon banki ke wucewa, da hoton kyamarar shago, da hirar iyali. Wanda ya jona ta yadda ta fito daga kwali, ƙyaure ya kafa ya bar makulli a jiki.

Wani zai ce, wa ya damu da mai shago a Ngaski, alhali ga manyan bankuna a Legas? Abin da ya faru a 2016 ya isa amsa. Rautoci da kyamarori da yawa suna barin masana'anta da kalmar sirri iri ɗaya. Wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya tana gwada irin waɗannan kalmomi kusan 60, har ta mallake na'urori dubu ɗaruruwa. Ranar 21 ga Oktoba aka tura su kan kamfanin Dyn na Amurka, shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari jama'a buɗewa. Masu na'urorin ba su san da kayansu da datarsu ake ɓarnar ba. Irin wannan manhaja ba ta bambance Wara da Landan. Ƙofar da ta tura ta buɗu, nan take shiga.

Gina zauren kuwa ba ya cin ko sisi. Adireshin shiga shafin rauta yana rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Kalmomin sirri biyu ne, kuma mutane kan canza ɗaya su manta ɗaya: ta Wi-Fi, wadda ake ba wayoyi, da ta shafin sarrafa rautar kanta. Duka biyun a canza su, a tsawaita, kada a sa lambar waya ko sunan ɗa. A zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3, a kashe WPS da UPnP. Katangar tsaron da ke cikin rauta aikinta na mai gadi ne: abin da na cikin gida ya aika a kawo, ta bar shi ya shigo, abin da ya zo daga waje ba gayyata, ta mayar da shi. A bar ta a kunne. Idan rautar tana da layin baƙi, shi za a ba maƙwabci da abokin ciniki, su sami intanet ba tare da sun kai ga kwamfutar lissafin shago ba. Idan kamfani ya fitar da sabuwar manhaja, a sabunta, don ɓarakar da aka gano ake toshewa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne leƙa gida daga nesa. Falken da ya kai albasa ko bandar kifi kudu yana son ganin shagonsa a waya, kuma buƙata ce mai kyau. Hanyar gaggawa ita ce a huda katangar tsaron a ba kyamara ƙofarta ta kai tsaye, sai dai ƙofar da mai gida ya gani daga Anaca, ɓarawo ma ya gan ta. A layukan waya ma sau da yawa hudar ba ta aiki, don kamfani kan haɗa masu layi da yawa a adireshi ɗaya. Wannan cunkoso yana ɗan ba da sutura, amma bai hana wanda ke zaune a bayan katangar gida kama Wi-Fi ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce VPN, irin WireGuard ko Tailscale, wadda ke haƙa ɓoyayyar hanya tsakanin waya da gida, ba ta buɗuwa sai ga mai makulli. Wanda zai dogara da manhajar kyamara kuma, ya kunna tantancewa mai mataki biyu.

Saura masu cewa wannan aikin masana ne, yaron da ya haɗa na'urar ya san komai. Nan ne matsalar take, ko da yaron mai amana ne, don wayarsa tana iya ɓata, kuma kalmar da ya sa maka wataƙila ita ya sa wa gida goma. Magini yana gina ɗaki, amma ba ya tafiya da makulli. A bar gwani ya haɗa, mai gida ya zauna kusa da shi ya koya, in ya tafi ya canza kalmomin biyu da hannunsa, ya rubuta a takarda ya ajiye inda yake ajiye takardar fili.