Shin duk zanen da ke jikin duwatsu aikin maharba ne?

Da zarar an nuna hoton raƙuman dawan Dabous, da ke arewacin Agadas a Nijar, sai ka ji ana cewa maharban dā ne suka sassaƙa su don tsafin farauta. Wasu kuma aljanu suke jingina wa aikin. Maganar aljanu ba sai an tsaya a kanta ba, domin an san yadda ake goga dutse da dutse har a fitar da irin wannan zane.

Batun maharba yana da ƙamshin gaskiya. Tsakanin shekaru kamar 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara na da ciyawa da tafkuna. A Gobero, cikin Tenere, an tono ƙasusuwan kifi da kada da dorina tare da kaburburan masu farauta da kamun kifi. Mafi tsufan zanen hamada kuwa giwa ce da karkanda da ɓauna.

Inda zancen ya kauce shi ne a ce duka. Je ka Birnin Kudu a Jigawa, ka duba Dutsen Mesa da Dutsen Habude: shanu ne zane da jan launi, kuma ba su da tozo, wato ba irin shanun da Fulani ke kora yau ba ne. Hankalin mai zanen yana kan garke. Haka a Tassili ta Aljeriya, ɗimbin zanen na makiyaya ne, har da mata da yara kusa da bukkoki.

Shi kansa Dabous bai ba maharba gaskiya kai tsaye ba. Babban raƙumin dawan ya haura mita 5, kuma ba kibiya ko mashi a jikinsa. Wani layi ne ya sauko daga bakinsa zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. Igiya ce? Alamar ibada ce? Masana ba su tsaya a magana ɗaya ba, kuma a ganina duk wanda ya rantse a kan ɗaya ya yi azarɓaɓi.

Tsafin farautar ma hasashe ne, wanda masani Henri Breuil na Faransa ya yayata. A kogon Lascaux na Faransa da aka gano a 1940, ƙasusuwan da aka fi samu na barewar ƙasashen sanyi ne, ita mutanen lokacin suke ci, amma dawaki ne suka fi yawa a bango.